Kwalba Goma Sha Ɗaya a Ƙarƙashin Gadona

Assalamu alaikum Anti Surayya. Don girman Allah ki agaza min da shawara kafin in yi abin da zan zo ina cizon yatsa.

Ni 'yar Gusau ce, wata tara ke nan da na biyo maigidana Jidda. A unguwar Mahjar muke, ɗaki ɗaya da ɗan kicin. Shi yana aiki a wani kamfanin kwali can unguwar masana'antu. Ni iƙamata, wato takardar izinin zama, ba ta fito ba har yau, don haka ba na fita sai dole, Larabcin ma daga halas sai yalla na iya. Shekararmu shida da aure ban taɓa kama shi da abin assha ba. Mutum ne da ko shayi ba ya haɗa wa kansa.

To wata uku da suka wuce sai ya tsiro da sabon salo. Duk Juma'a in an sauko masallaci sai ya biya kasuwar kifi ya sayo jatan lande, wanda nan ake ce wa jambari, tare da wata baƙar leda da ya ɗaure bakinta tam. Wai wani ɗan Filifin da suke aiki tare ne ya koya masa dahuwar. Ranar farko ina wurin maƙwabciyata Fatu, na dawo na tarar ya gama. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi daɗi, har romon na shanye. Na yi ta dariya, na kira Fatu na ce ta zo ta gani, ashe kuku na aura ban sani ba. Daga Juma'a ta biyu ya fara turo ƙofar kicin, wai in je in huta. Hutun me, ni da nake yini a zaune?

Juma'a ta uku na leƙa ta kafar ƙofa. Anti, me zan gani? Koriyar kwalba mai dogon wuya, irin wadda muke hangowa a mashayar bayan bariki can gida. Yana tuttula ta a tukunya tana kumfa, ya jefa tafarnuwa da barkono da lemon tsami, ya juye jatan landen a kai. Ga wani tsami-tsami yana tashi kamar an jiƙa dawa ta kwana. Da na tambaye shi sai ya yi dariya, ya ce ruwan sha'ir ne, babu maye a ciki, kowa na sha a nan. To in haka ne, me ya kawo baƙar leda? Me ya kawo rufe ƙofa? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Tun ranar ban ƙara ci ba. In ya zuba min sai in ce cikina ke ciwo, yana fita la'asar in juye wa kuliyoyin lungu. In ya dawo aiki ina sunsuna rigarsa, ina kallon tafiyarsa, ina duba ko idonsa ya yi ja. Ban ga komai ba, amma hankalina ya ƙi kwanciya. Sallolina fa? Na ji ana cewa wanda ya sha giya kwana arba'in ba a karɓar sallarsa, ni kuwa sau biyu na sha romon nan, a ƙasar da kowa ke zuwa neman lada.

Ga kuma kwalaben. Matanmu masu tsintar gwangwani su ke tona bolar layinmu, sun san ledar kowane gida, kuma Fatu tana cikinsu, bakinta ba linzami. Don haka in ya jefa kwalba a shara sai in bi in tsince. Yanzu goma sha ɗaya ne a ƙarƙashin gado, naɗe a tsohon zani. In aka buga ƙofa da ƙarfi sai in ce shi ke nan, an zo a haɗa mu da kwalaben a mayar da mu gida.

Ina da yaya, Jabiru, yana sayar da yadi a kasuwar Bab Makka, shekararsa ashirin a nan, yana karanta Larabci. Ina so in kai masa kwalba ɗaya ya duba min. Sai dai tun farko bai so aurenmu ba, ga zafin kai. In ya ce giya ce, ranar zai ɗauke ni, kafin magariba kuma duk 'yan garinmu sun ji. Ina son mijina wallahi, amma ba zan zauna da mashayi ba. In kai ko kar in kai?

Taki,
Mai Zullumi, Mahjar

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kar ki kai. Na fara da wannan ne don kada ki karanta rabi ki zari abaya.

Ban ga kwalbar ba, saboda haka ba zan rantse miki ba. Amma abin da ya faɗa ba ƙirƙira ba ce. Ana sayar da ruwan sha'ir marar maye a shagunan unguwa ko'ina a Jidda, a firij ɗaya da lemo, kuma kwalbarsa da kumfarsa da warinsa duk sun yi kama da abin da kike tsoro. Gwajin mai sauƙi ne. Juma'a mai zuwa ki ce za ki raka shi shago. In ya ɗauko ta a fili gaban mai shago, magana ta ƙare. In ya fara kame-kame, ya ce a hannun wani aboki yake karɓa, ko kika ga abin a gorar ruwa babu rubutu, to nan ne zan ce ki buɗe ido, kuma nan ne manya za su shigo.

Shi ma ban wanke shi ba. Ya san daga inda kika fito, ya san yadda ake kallon koriyar kwalba a gida. Da ya zaunar da ke ya nuna miki, ba ya kore tambayarki da dariya ba. Amma ke me ya sa kika naɗe kwalaben a zani? Tsoron bakin mutane. Shi ma ta layin nan yake wucewa da ledarsa. Ƙofar kuwa, ke da bakinki kika ce kin kira masa Fatu kallo. Namiji ya shiga kicin saboda ke, aka mai da shi abin dariya, ba dole ya turo ƙofa ba?

Batun salla, ni ba malama ba ce, amma na san ba a haɗa wanda bai sani ba da mai ganganci. Ki tambayi malami ba tare da kin kama sunan kowa ba. In an tabbatar babu maye zuciyarki ta ƙi duk da haka, kina da haƙƙi. A dafa jatan landen da ruwa, tafarnuwa da lemon tsami, da ya yi ja a sauke, daɗinsa na nan. Kwalaben kuma ki fitar da su. Ɗaya a bola shara ce, goma sha ɗaya a ɓoye kuwa ko marar laifi sai ya sha tambaya.

Yayanki ko ya karanta ya ce ba giya ba ce, abin da zai riƙe shi ne ƙanwarsa ta zargi mijinta da shaye-shaye, magana kuwa zarar bunu ce. Kin tambaye ni da ban san mijinki ba, kina shirin tambayar wanda ba ya ƙaunarsa, shi mijin kaɗai ne ba ki zauna kin faɗa wa tsoronki ba. Ki gaya masa komai, har inda abincin yake tafiya. Zai ji ciwo, ba shakka. Amma gara ya ji daga bakinki a ɗakinku da ya ji a Bab Makka cewa shi mashayi ne.

Allah ya sanyaya miki zuciya, ya rufa muku asiri, ya fito miki da takardunki lafiya.

Anti Surayya