Abin da Ke Cin Furannin Alhaji

Unguwar Dawaki, Gombe

Zuwa ga Kawu Bamanga,

Gaisuwa mai yawa da ladabi, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da aikin tashar jiragen ruwa a Ikko. Allah ya ƙara lafiya. Mu nan kalau muke, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi, sai dai hankalinmu ba a kwance yake ba saboda 'yarka Mairamu.

Ka san akwatin gilashin nan na kifayen ruwan gishiri da ke falon maigidanmu Alhaji Yuguda ɗan kwangila, wanda kake aiko wa duwatsu masu furannin teku, ni kuma nake kula da shi. To, furannin sun fara yin fari suna mutuwa. Mutanen gida suka ce kambun baka ne, wai an ji Mairamu tana shara ta ce kai, abin nan da kyau, ba ta ce masha Allah ba. Alhaji ya ce ranar Juma'a ta tattara kayanta ta bar masa aiki. Ya kuma sa aka lulluɓe akwatin da bargo don kada idon kowa ya ƙara faɗa masa.

Jiya da safe na ɗaga bargon zan ba kifi abinci, sai na ga wasu ƙananan halittu sun fito fili, ashe duhu suke so. Kamar dodon koɗi marar gida suke, ba su wuce ƙwayar shinkafa ba, da gashi-gashi a baya, launinsu iri ɗaya da na furen. Na tsuguna ina kallo har ƙafata ta sage. Duk inda ɗaya ya bi, sai wurin ya koma fari. Na yi musu yadda muke yi wa kaskar shanu: na tsince su ɗaya-ɗaya da gashin kaza, na tsoma dutsen da suka fi yawa a kai cikin ruwan rijiya na ɗan lokaci, saura suka zube. A ƙarƙashinsa kuma ga ƙwai a nannaɗe kamar farin zare, na kankare da reza.

Kawu, ka gafarce ni, amma a jikin dutse ɗaya kaɗai na sami ƙwan, wanda ka aiko bayan Sallah. Ka ce mana daga kantin da aka saba ka saye shi. Na kantin suna zuwa a wanke cikin leda, wannan kuwa cikin gwangwanin madara ya zo, yana warin man jirgi. Zuciyata tana raya mini a hannun wani matuƙin jirgi ka karɓa. Na nuna wa Alhaji ƙwarin a cikin kofi, ya ce ai kambun bakan ne ya jawo su. Maganarka kaɗai zai ji. Don Allah ka buga masa waya kafin Juma'a ka faɗa masa inda dutsen ya fito. Mairamu ta daina cin abinci.

Ka gaida Goggo Fadimatu da yara. Kada ka ce idona ne kawai: sa'ad da na juya dutsen, Joda maigadi yana riƙe da bargon, Alfred kuku yana riƙe da kofin, Mairamu kuma tana bakin ƙofa, ta kuma gane dutsen da ka aiko cikin gwangwani ne.

Ɗanka,
Hudu