Fedar Hagu ta Keken Baba

Auta,

Na tarar kana barci, ban tashe ka ba, ga shi na makara wurin aiki.

Jiya na sayo na'urar nan mai auna ƙarfin taka keke, wadda Baba, Allah ya jiƙansa, ya yi ta maganarta. Akwai wadda ake ɗaurawa a keke ɗaya ta zauna nan, akwai ta cikin feda, wadda za ka kwance ka mayar kan wani keken. Ta feda na ɗauka. Mai shagon ya tambaye ni kekuna nawa ne a gidan, kafin in yi tunani bakina ya ce uku. Har ya ce in gaida Baba. Na kasa gaya masa, na karɓi leda na fito.

Tana kan teburin kicin. Na so in fara ɗaura ta a keken Baba, amma fedar hagu ta ƙi kwancewa, sai ƙara ɗaurewa take yi. Ashe baya-baya ake juya ta. Duk shekarun nan shi yake yi mana, ban taɓa lura ba.

In ka tashi ka kwance fedar a hankali, ka shafa giris. Kada ka taɓa sirdin, bar shi yadda ya saita shi.

Kullum cewa yake ya fi mu ƙarfi a hawan tudu, na'ura ce za ta raba gardama. Duk lambar da ta nuna maka, Auta, mu bar masa. Shi ya ci.

Yayanka