Suna na Arba'in da Ɗaya

Madarumfa, kakar 1965

Zuwa ga aminina Haruna direba, a Ɗan Issa. Gaisuwa mai yawa. Yaya iyali, yaya hanya? Mu lafiya lau, sai tumbina da ya ƙi fitowa.

Albishirinka, na zama babban mutum. Bayan gulbi ya cinye gonakin garin Sarkin Yamma, mu bakwai muka kafa Ƙungiyar Rumbun Jama'a: kowa ya zuba dami ɗaya, mu raba wa wanda ya rasa. Aka naɗa ni sakatare, don ni kaɗai na yi lakwal, wato boko, shekara uku, biyu daga ciki a aji ɗaya. Aikina in hau turmi in kira sunaye. Ina haɗawa da kirari, mayunwata na dariya.

Matata Ɗelu tana gaishe ka. 'Yar farinmu ta iya daka. Kada ka jira in rubuta sunanta, ban lalace haka ba.

Naka, Bala Sakatare.

Madarumfa, bazarar 1974

Haruna, ina gaisuwa. Yaya ƙafar taka? Yaya haƙurin fari?

Rumbunmu ya zama mangaza, katon ɗakin ajiya mai kwano. Kamiyo, manyan motocin kaya, na kawo jar dawa daga ƙasar Nasara, wadda ko jakina sai ya yi shawara kafin ya ci. An turo mana shugaba daga Maradi, da makulli a wuya da doka a baki: ba a auna wa kowa sai na kira sunansa ya amsa, wanda bai amsa ba rabo uku a soke shi.

Ga abin dariya. Mijin yarinyar nan, 'yar farinmu da ke aure a Sarkin Yamma, ya tafi Najeriya tun bara, shiru. Mai gari ya sa ta a takarda, ta arba'in da ɗaya. Ka gan ni bisa turmi, gari duk ya taru, surukaina na gaba, a ce in buɗe baki in kira sunan 'yar fari? Na yi tari, na tsallake zuwa arba'in da biyu. Tana tsaye da goyon 'yarta Safiya, ta sunkuyar da kai. Ba ta matso ta nemi rabonta ba. Tarbiyyata ce.

Na aika mata tiya ɗaya daga nawa. Zan sami shugaba a keɓe mu gyara, in ya daina harara.

Naka, Bala.

Madarumfa, kakar 1975

Haruna, gaisuwa da fatan kana lafiya. Na ga ta'aziyyarka tun bara, na kasa amsawa.

Ban sami shugaba ba. Sau uku yarinyar ta tako daga Sarkin Yamma, sau uku na yi tari. A na ukun har na kwaikwayi tarin akuya, mutane suka kwashe da dariya. Da hannuna na ja layi a kan sunan, don ni ne mai alƙalami. Ta koma tana tafasa ganye, abin da na aika tana ɗura wa Safiya. Kafin ruwan farko ta rasu. Safiya na wurinmu. Ɗelu tana ajiye mini tuwo ba ta dubana.

Jiya ƙungiya ta cika shekara goma. An yanka rago. Shugaba ya yabe ni gaban kwamanda mai mulkin yankin, wai sakataren da ko 'yarsa bai fifita ba. Aka tafa, aka ba ni hula. Ta yi mini daidai.

Sannan aka ce in karanta sunayen waɗanda muka rasa, a yi musu addu'a. Na hau turmin nan. Da na zo kanta ban yi tari ba. Na ce Saratu. Ashe sunan ba shi da nauyi a baki. Na kira har sau uku, yadda doka ta ce, na tsaya ina jira.

Ka gaida gida.

Bala, uban Saratu.