Inna Ba Ta Gani Ba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna ta Mungadi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ɗa ga mahaifiya, da fatan kina cikin rahamar Ubangiji, ina rubuto miki ne duk da na san ko da kina raye ba karantawa za ki yi ba, sai dai a karanta miki. Masu leƙen wannan takarda su yi mini uzuri, ba da su nake ba.

Inna, muryarki ta ɓace mini. Abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan, kuma ban san wanda zan kai wa ƙara ba.

Kin tuna rediyon da na kawo miki shekarar da aka ba mu jiharmu? A lokacin yanar ido ta fara rufe ki. Kika rataye shi a ƙusar zaure, kina tsintar albasa da hannu, kina matsa wuyan kowace don fitar da mai ruɓa, kina musu da mai karanta labarai kamar ya zo cin bashi. Ko da aka buɗe jami'a a Aliero aka ɗauke ni koyarwa, ganin ya riga ya tafi gaba ɗaya. Na yi ta fama in fahimtar da ke aikina, wato koya wa ɗalibai rubuta abin da za a faɗa a rediyo da talabijin. Kika yi dariya har da tari, wai ashe har magana sai an koya wa mutum a rubuce.

Ɗaliban nan kuwa, Allah Ya shirye su. Kowa talabijin yake so, don a gan shi. In ka ce su rubuta wasan rediyo sai ka ga an rubuta wai ta girgiza kai, ko ya harare ta. Wa zai ga hararar? Na yi faɗa har maƙogwarona ya bushe, a banza.

Sai na fara ɗauko takardunsu. Ranar Juma'a in na taso daga Aliero, in biya gida Jega in ajiye jaka, in wuce Mungadi in zauna gefen tabarmarki ina karanta miki. Da ma ba kya kiran sunana, ni ɗan fari. In aka zo inda yaro ya rubuta wa ido maimakon kunne, sai hannunki ya tsaya a kan albasa ki ce, "Kai wanga, ban gani ba. Wa ka magana?" In kuwa wani ya yi dabara, ya sa ƙyaure ya yi ƙara kafin mutum ya shigo, ko ya sa aka ambaci sunan mai zuwa, sai ki gyara zama ki ce, "Awo, yanzu nig gani."

Daga nan na daina dogon bayani a gefen takarda. Sai in sa jan biro in rubuta: Inna ba ta gani ba. Abin ya bazu a aji. In an raba takardu sai ka ji suna tambayar juna ko Inna ta gani. Ba su taɓa sa ki a ido ba, amma sun fi tsoronki a kaina.

Na so in ɗauki maganarki, Allah ne shaida. Duk ranar da na ajiye rikoda kusa da ke sai kunya ta kama ki, ki ja bakinki ki yi gum. "Maganar tsohuwa cikin akwati? A'a, aje abinka." Kaset ɗaya na samu. Babu komai a cikinsa sai kukan kaji, da ƙarar ɓawon albasa a hannunki, da numfashinki. Na ce ba komai, wata rana za ki saba. Sai Allah Ya yi ikonSa bayan damina.

Bana na ga abin yana dusashewa. Kalmominki suna nan, amma yadda kike jan su, da ɗan kaushin nan na maƙogwaro, sai na yi da gaske suke zuwa. Na tsorata. Sai na yi abin da na iya, na rubuta gajeren wasan rediyo a kan tsohuwa makauniya da ɗanta mai karanta mata, na sa maganganunki yadda kike faɗinsu. Na ce in ɗalibai suka yi shi a sutudiyo, ko ba komai zan sami abin saurare.

Na ba wata ɗaliba, Hafsatu, 'yar garin Giwa Tazo, ta buga a kwamfuta, kuma ita za ta fito a matsayinki. Yarinya ce mai hankali. A gida bakinta irin naki ne sak, amma a aji mun koya musu cewa Hausar takarda daban, kuma ta sha jan biro a kan haka. Da ta ga "nig gani" sai ta ɗauka hannuna ne ya goce, ta gyara mini cikin ladabi, ta mayar da shi "na gani". Duk inda kika yi magana haka ta bi ta goge shi tas.

Ranar ɗauka na sa kaset ɗinki a ƙarƙashin muryoyin, don a ji kaji da albasa na gaske. Hafsatu ta matso makirufo ta karanta abin da ta buga, da murya mai kyau irin ta masu labarai. Raina ya ɓaci, na tsayar da su. Na ce ta faɗa yadda kakarta za ta faɗa. Ta ji kunya, ta faɗa. Na ce ba haka ba, ta ja "awo" ɗin. Ta ja. Na ce ta sake. Haka na tsare yarinyar mutane har la'asar ta kusa wucewa, idonta ya cika da ƙwalla, tana ta maimaita kalma huɗu, ni kuma ina neman abin da ba ta da shi. Bayan nan na zauna tace aikin, ina mayar da wurin baya, ina sake ji, ina sake ji.

Wasan ya yi kyau, Inna. Abokan aiki sun yaba, ɗalibai sun yi tafi.

Washegari a kan hanyar Jega na ce bari in kira ki a raina yadda na saba. Na rufe baki na saurara. "Awo, yanzu nig gani" ya zo, amma da muryar Hafsatu. Na sake gwadawa, ita ce dai. Na tsayar da babur gefen wata gonar albasa na zauna a ƙasa. Tun daga ranar ko a mafarki in kika buɗe baki, yarinyar Giwa Tazo ce ke magana. Ban ga laifinta ba, amma in ta gaishe ni a aji sai in kawar da kai.

Na je Mungadi na roƙi ƙanwarki ta kwaikwayi maganarki. Ta yi, muka yi kuka tare, amma muryarta ce ba taki ba. Yanzu in na tsaya gaban allo ina cewa a rubuta wa kunne, sai in ji kamar mayaudari. Me takarda ta taɓa riƙewa? Jan biron ma na daina rubuta sunanki da shi, kuma sababbin ɗalibai ba su san wace ce Inna ba. Kaset ɗin kawai ya rage, ina jin numfashinki ina jiran ki yi magana, har ya ƙare.

Allah Ya jiƙan ki, Innata. Allah Ya haskaka kabarinki, Ya mayar miki da ganinki a gidan Aljanna, Ya yafe mana baki ɗaya. In Ya ƙaddara saduwarmu, don Allah kada ki yi shiru don kunyar ɗan fari. Zan yi sallama tun daga nesa yadda na saba. Ki ɗaga kai ki dube ni, ki faɗi kalmomin nan huɗu da bakinki.

Wassalam. Ni ne ɗanki,
Kai Wanga