Ku Dawo Mini Da Muryar Malam Da Kuka Yanke

Zuwa ga Shugaban Kwamitin Karrama Makaɗan Rok da Injiniyoyin Sauti na yankin Washington.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ce tsohuwar nan mai mayafi ruwan goro da ta zauna a layin gaba ranar bikinku da auduga a kunne. Kada ka ji haushi, ko a gaban mijina mai sana'ar haka nake yi. Da Hausa na rubuta, don da ita na iya faɗa. Jikata Zainab za ta juya maka da Turanci in ta taso daga asibitin da take aiki, na kuma gargaɗe ta kada ta rage mini gishiri.

Mijina, Allah ya jiƙansa, yana cikin injiniyoyin da kuka karrama. Sunansa na jikin gilashin karramawar da kuka miƙo mini, ku karanta abinku, ni shekara talatin da takwas Malam nake ce masa. Litinin zuwa Juma'a yana gyara muryar 'yan jarida a gidan rediyo can unguwar Southwest. Ran Asabar kuwa ɗakin ƙasa na gidanmu a Lanham na yaranku ne masu gashi har kafaɗa, su buga, shi ya ɗauka, kofunana na rawa a kicin. Wanda kuke kira gwarzon gita yanzu, da cokali mai yatsu ya fara cin tuwona, miyar kuka na zuba masa a gemu. Ka tambaye shi.

Ga kokena.

Na ɗaya. Bara da azumi mutanenku biyu suka zo suka kwashi faifan zare goma sha huɗu na Malam, suka ce aron wata biyu. Wani azumin ya zo ya wuce. Na buga waya sau biyar, kullum wata na'ura ce ke ce mini kirana yana da muhimmanci.

Na biyu. Abin da kuka aiko mini faifai ne guda mai ƙyalli, waƙoƙi zalla. A wurin bikin kuma furodusanku ya tashi yana alfahari wai sun share duk wani datti da ke farkon waƙoƙin da ƙarshensu. Aka tafa masa. Har da ni, don ban gane ba sai da na dawo gida na kunna.

Ranka ya daɗe, dattin nan mijina ne. Malam ba ya danna maɓallin ɗauka sai ya yi gyaran murya, ya ce bismillah a hankali, sannan ya faɗi sunan waƙa da ɗauka ta nawa ce. In mai ganga ya yi gaggawa ya tsayar da kowa ya ce a sake. In abu ya yi daɗi ya ce madalla, da Hausa, yaran nan duk sun iya ta. Akwai ɗaya ma da nake ƙwala masa kira daga bene cewa abinci zai huce, yana amsa mini da abin da ba zan rubuta a takardar jama'a ba.

Na uku, shi ne mai ciwon. Mutumin nan ya ƙare rayuwarsa yana ɗaukar muryar mutane, bai taɓa zama ya ɗauki tasa ba. Ya ce injiniya ba a jinsa. Hotuna ina da su jaka guda. Murya kuwa babu ko'ina sai a bakin faya-fayan nan. Shekara huɗu da rasuwarsa ban sauka ɗakin na kunna ba, ina cewa sai zuciya ta yi ƙarfi, ai suna nan. Ashe ajiya nake yi wa almakashinku.

Gidan nan shiru yake yanzu, sai firiji. Yara sun watse, jikoki in na yi musu Hausa su amsa da Turanci. Kwanan baya ina wanke-wanke na so in tuna yadda yake kiran sunana, fuskar ta zo, muryar ta ƙi zuwa. Na daɗe tsaye ruwa na zuba.

Roƙona uku ne. Ku dawo mini da faya-fayan goma sha huɗu yadda kuka ɗauke su. In kun ce sun tsufa ba za su juru ba, ku kwafo mini komai, ba yanka ba shara, a abin da tsohuwa za ta iya kunnawa da maɓalli ɗaya. Na ƙarshe, ku haɗo da ɗaukar da aka ɓata, waɗanda kuka ce ba su da amfani. Waƙoƙin da suka yi kyau ku riƙe, naku ne. Ni inda aka yi kuskure nake so, don a nan ya fi yin magana.

Allah ya ja zamaninka, ya raya maka zuri'a, ya kuma bar maka wanda za ka ji muryarsa a gida.

Wassalam.

Hajiya Ladidi,
Lanham, Maryland.