Zanen Bajamushe da Hannun Baba

Ƙanena Umaru,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, ya karatun likita, ya baƙunta a Badun? Mu nan Bagudo lafiya lau.

Littafin da ka aiko ya iso, na tsohon likitan Jamus da ya ƙare rayuwarsa yana zana ƙasusuwan mutum. Idon Baba ya tafi, sai na kwatanta masa zanen wuyan hannu, yana lalubar wuyan hannuna kamar yadda yake koya mana ɗori muna yara. Ya ƙirga ƙashi takwas, daidai da littafin. Ya yi dariya ya ce, "Shi sai da ya feɗe ya gani."

Can ya ce, "Umaru ya zo in ƙarasa koya masa, tun yatsuna na ji."

Inna na gaishe ka. A sa mu a addu'a. Kada ka jira hutu.

Yayanka,
Sani