Sun Cire Ruwanka Daga Ƙofar Gida, Baba

Zuwa ga mahaifina, Malam Garba Boma, da ke kwance a ƙasar Makka.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ɗa ga mahaifinsa, da fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima, ina sanar da kai halin da gidanka na unguwar Hindawiyya yake ciki. A fili na rubuta, inda 'ya'yanka da jikokinka za su gani, domin na yi magana a cikin gida ba a saurare ni ba.

Ka san ni, Baba. Daga sakandare ban ƙara gaba ba. Na yi dako a Mina, kayan alhazai a ka, rana tana dukan ƙeyata. Na tura keken tsofaffi tsakanin Safa da Marwa har dugadugaina suka tsage. Na ja tasin wani, na zo na sayi tawa. Yau ina da motocin ɗaukar alhazai, da wurin gyaransu a unguwar Zahir, da gidan da na tsaya a kan gininsa tun daga tushe. Babu wanda ya tsaya mini, babu wanda ya kai ni gaban wani babba. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce wani abu nake nema a gidan gado. Ko ƙusa ba na so.

Sun cire sabil ɗinka, Baba. Ruwan sadakar da ka ajiye a ƙofar gida tun ina ƙarami, wanda ɗan tasi da mai shara da alhajin da ya ɓata hanya suke sha, yau babu shi. Ƙanena Hamza ya sayi sabuwar mota, yana son gareji. Ya jira sai da na tafi Mina shirin aikin Hajji, ya kawo leburori suka fasa bangon da ruwan yake jikinsa.

Da garejin kawai ya ce, wallahi da na haɗiye. Amma da na tara su ran Juma'a bayan cin abinci, sai ya gyara zama ya ce ai ruwan nan tun asali kuskure ne. Wai bam ɗin ƙare-dangin da Amurka ta jefa wa Japan shi ya dawo da kai gida da rai. Wai ba don shi ba da an tura ku gaba, ka mutu a can, da babu shi, babu ni, babu kowa a ɗakin. Ya ce, "Halas, shi ke nan, ya Haruna, bam ɗin nan shi ne ya haife mu." Yaran suka yi dariya. Wasunsu ma sai da aka juya musu da Larabci kafin su yi.

Hamza yana goye ka sayi randar farko, shi ya sa bai sani ba. Ni na sani.

Na tuna yadda kake ba mu labarin Boma, inda Turawa suka kwashe ku daga Kano kuka yaƙi sojan Japan a cikin daji. Ba ka taɓa yabon sojan Japan ba. Tabon da ke cinyarka nasu ne. Ka ce sun bar abokinka ɗaure a jikin itace, ba ka kuma ƙarasa mana abin da ka tarar ba. Ba wanda zai koya maka muguntarsu, kai ka gan ta da idonka.

Ka ce ranar da aka sanar da ku yaƙi ya ƙare, kun yi rawa. Kai ne ma mai kiɗa, da gwangwani. An ce muku wani sabon bam ne ya gama aikin, ba wanda ya tambayi kan wa ya faɗa.

Sai bayan ka yi tafiyar ƙasa ta Chadi da Sudan, ka zauna a nan, ka haife mu, sannan ka ji sauran labarin. Ina zaune kusa da kai da hantsi, kana gyaran takalmi, rediyo yana magana da Hausa a kan Hiroshima da Nagasaki. Aka ce mutanen da suka ƙone sun yi ta tafiya fata tana zuba, mata da yara, ba abin da suke roƙo sai ruwa. Ka ajiye basilla. Ba ka ci abincin rana ba. Washegari ka dawo daga kasuwa da randa a kafaɗa, ka girke ta a ƙofa, ka ɗaure mata moɗa da sarƙa.

Wani maƙwabci ya ce maka ladan sadaka ba ya isa ga wanda ba Musulmi ba. Hamza ma ya maimaita wannan ran Juma'a, kamar shi ya gano ta. Amsarka tana kunnena har yau: "Ban ce zai kai musu ba. Ni dai na ji an nemi ruwa ba a samu ba, ni kuwa ranar rawa nake yi."

To, bari in ba Hamza amsa a gabanka, tunda a ɗaki sun fi ni baki.

Ya ce bam ɗin ya ceci rayuka, da an shiga ƙasar da ƙafa da waɗanda za su mutu sun fi haka. Mai yiwuwa. Ni ban yi karatun da zan ƙaryata ba. Amma wa ya yi lissafin? Wanda ya jefa. Shi ya auna, shi ya yanke, shi ya rubuta littafin da jikokinka suke karantawa. Matar da ke hura wuta da safe ta dafa wa 'ya'yanta abinci, an tambaye ta? Sojan da ya sare ka a cinya yana daji da bindigarsa, aka bi ta kansa aka je aka ƙone uwarsa. Idan wannan adalci ne, to ni ban san abin da ake kira zalunci ba.

Kuma in bam ɗin farko dole ne, na biyun fa? Ba a gama tono mutane daga toka ba aka ƙara wani. Waɗanda suka tsira kuma ciwo ya bi su shekara da shekaru, har ana gudun auren 'ya'yansu. Yaƙin ya ƙare, su nasu bai ƙare ba.

Kai ka koya mana cewa ko a fagen yaƙi addininmu ya hana taɓa mace da yaro da tsoho, ya hana azaba da wuta. Ba ka ce sai in an ga za a yi asara ba. A garin nan muka tashi, inda ko tattabarar Harami ba a kora, ko ƙaya ba a cirewa. Sai ga ɗanka na cikinka, da carbi a hannu, yana cewa ƙone gari biyu alheri ne saboda shi ya samu zuwa duniya.

Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ya mai da ranka hujja. Kai kuwa ka sha faɗa mana: "Allah ne Ya dawo da ni. Ban roƙi a ƙone ɗan kowa don in ga Kano ba." Ina son raina, Baba, ina son 'ya'yana. Amma ba zan tsaya gaban Ubangiji in ce na gode da aka gasa jariran wasu don a haife ni ba. Na karɓi rayuwata daga Allah, ban karɓe ta daga matuƙin jirgi ba.

Ran Asabar na koma Hindawiyya. Ina tsaye sai ga wani tsohon ɗan tasi ya faka, ya fito da gorarsa kamar yadda ya saba, ya tarar da ƙofar ƙarfe. Ya duba hagu, ya duba dama, ya koma motarsa. 

Na'urar sanyaya ruwan da na sa bayan rasuwarka sun sayar da ita. Randarka kuwa na same ta a bayan gida cikin baraguzai, bakinta ya ɓantare, moɗar tana nan da sarƙarta. Na rungumo ta da kaina, ban bari wani ya taɓa ba. Jikinta har yanzu ƙanshin ƙasa yake, irin wanda nake ji a hannunka in ka shafa kaina bayan ka cika ta.

Yanzu tana ƙofar gidana a Zahir. Ni nake cika ta kowace safiya kafin in fita, da gwiwar nan tawa mai ciwo. Jiya wani mai kai saƙo a babur ya sha moɗa biyu, ya wanke fuska, ya tafi bai san komai ba. Haka kake so.

Allah Ya jiƙanka, Baba. Ya shayar da kai daga tafkin Manzonsa, Ya yafe maka rawar da ka yi ba da sani ba. Ya shiryi Hamza, don har yanzu ƙanena ne. Ya hana mu ganin ranar da za a sake ƙone wani gari a ce don zaman lafiya aka yi.

Ku kuma jikoki da kuke karantawa, da Hausa ko a juya muku, abu ɗaya nake nema. Duk ranar da za a ba da labarin gidan nan, a ce an cire ruwan Malam Garba kowa ya yi shiru, ban yarda ba. A faɗi cewa mutum ɗaya ya ƙi. A rubuta sunana.

Ɗanka,
Haruna Garba Boma
Zahir, Makka